Daga Zauren Jami'a: Jadawalin Da Ba Ya Buƙatar Tafinta

A wannan makon za mu tattauna ne a kan wani abu da yawancinmu muka raina, alhali yana cinye wa ɗalibai maki tun daga sakandare har jami'a. Abin nan shi ne yadda ake tsara jadawalin alƙaluma a cikin rubutun ilimi, wato irin akwatin nan mai gida-gida da ake zuba lambobi a ciki bayan an yi awo, ko an yi ƙidaya, ko an yi wa mutane tambayoyi.

Bari mu fara da abin da ya same mu, don kada ya same ku.

A zangon farko na aji biyu a jami'a, malamar da ke koya mana dabarun bincike ta raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Aikin da ya faɗo wa rukuninmu shi ne mu tambayi 'yan uwanmu ɗalibai tsawon lokacin da suke ɗauka suna karatu a rana, mu kawo sakamakon a jadawali. Mun yi kwana huɗu muna bin ɗakunan kwana da bakin laburare muna tambaya. Da muka gama, sai muka nufi shagon buga takardu, muka sa aka ƙawata mana jadawalin da launin shuɗi da rawaya, aka ja layuka ta ko'ina. Mu a ganinmu babu wanda zai kamo mu.

Ranar gabatarwa, malama ta karɓi takardar, ta ce mu biyar ɗin mu tsaya gefe, kada wanda ya ce uffan. Ta kira wani ɗalibi daga wani rukuni, ta miƙa masa, ta ce, “Karanta mana. Me jadawalin nan yake cewa?”

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Malama, ga 2 nan, ga 2.5, ga kuma 45. Amma ban san ko awa ake nufi ko minti ba. Ban kuma san mutum nawa aka tambaya ba.”

Ɗaya daga cikinmu ya kasa haƙuri, ya ce, “Malama, ai 45 ɗin minti ne, sauran kuma awa…”

Ta ɗaga masa hannu, ta ce, “Ranar da wani zai ɗauki aikinku a laburare bayan shekara goma, za ka bi shi can ka tsaya a kansa kana yi masa bayani?”

Ajin ya fashe da dariya. Mu kuwa muka rasa maki, muka sake aikin a ƙarshen mako, muka sake biyan kuɗin bugawa. Amma darasin ya zauna mana: jadawali mai kyau shi ne wanda baƙo zai karanta ya fahimta ba tare da mai shi yana kusa ba. Duk ƙa'idojin da za mu kawo a ƙasa wannan abu ɗaya suke yi wa hidima.

Daga ina ƙa'idojin suka fito?

A jami'a, kowane sashe yana da littafin ƙa'idojin rubutu da yake bi. Wanda ya fi yawa a sassan ilimi da na nazarin zamantakewa a jami'o'inmu shi ne tsarin APA, na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka. Asalinsa wata maƙala ce mai shafi bakwai da aka buga a 1929, bayan wasu masana da masu kula da mujallun ilimi sun zauna sun ga kowa yana rubuta rahoton bincike yadda ya ga dama, abin da ke wahalar da masu karatu. A 1952 aka fitar da ƙa'idojin a matsayin jagora na musamman, aka yi ta sabunta shi har zuwa bugu na bakwai da ya fito a watan Oktoban 2019, wanda shi ake amfani da shi yanzu.

Akwai wasu tsare-tsaren. Masu nazarin harshe da adabi sukan bi MLA, masu tarihi da yawa suna bin tsarin Chicago, injiniyoyin lantarki da na kwamfuta kuma suna bin IEEE, wanda shi yake sa wa jadawali lambar Romawa, wato I, II, III. Sun bambanta a ƙananan abubuwa, amma manufarsu ɗaya ce. Za mu ɗauki APA a matsayin misali domin shi ne da yawanku za ku fara cin karo da shi.

Kafin mu ci gaba, ga kalmomi uku da za mu riƙa amfani da su. Jerin lambobin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa za mu kira shi ginshiƙi. Wanda ya tafi a kwance daga hagu zuwa dama za mu kira shi sahu. Ɗan akwatin da ke mahaɗar ginshiƙi da sahu, inda lamba ɗaya take zama, shi ne gurbi.

Sassa biyar na jadawali

Na farko shi ne lamba. Kowane jadawali yana da lambarsa a samansa, daga hagu, da baƙaƙe masu kauri: Jadawali na 1, Jadawali na 2, bi da bi, gwargwadon yadda aka ambace su a cikin rubutun. Amfanin lambar shi ne a iya kiran jadawalin da sunansa. Kada ku rubuta “duba jadawalin da ke ƙasa” ko “jadawalin da ke shafi na 12”. Da zarar an ƙara sakin layi ɗaya a aikin, ko an buɗe shi a wata kwamfutar, abin da ke ƙasa yana iya tsallakawa wani shafin. Amma “Jadawali na 2” yana nan a Jadawali na 2 duk inda ya koma.

Na biyu shi ne take. Yana zuwa a ƙarƙashin lambar, a layinsa daban, da rubutun nan da yake ɗan karkata, kuma muhimman kalmominsa suna farawa da babban baƙi. Take ya zama gajere amma ya faɗi abin da ke ciki. Namu na farko “Sakamako” kawai muka rubuta. Sakamakon me? Na wa? Da muka gyara sai ya koma “Awannin da Ɗalibai Suke Karatu a Rana, Bisa Ajinsu”. Yanzu mai karatu ya san abin da aka auna, da waɗanda aka auna, da yadda aka kasa su, tun bai kalli lamba ko ɗaya ba.

Na uku shi ne kanun ginshiƙai. Kowane ginshiƙi dole ya sami sunansa a sama, har da na farko daga hagu, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi. A nan ne kuma ake rubuta ma'auni, ko santimita ne, ko daƙiƙa, ko naira, ko kilo. Sau ɗaya ake rubuta shi a sama, ba a maimaita shi a kowane gurbi.

Na huɗu shi ne cikin jadawalin, inda lambobin suke. Ginshiƙin farko yana jingina da hagu, sauran kuma a tsakiya, a jere yadda ɗigo zai faɗo a ƙarƙashin ɗigo.

Na biyar shi ne ƙarin bayani, wanda yake zuwa a ƙarƙashin jadawalin idan akwai buƙata. A nan ake fassara gajerun kalmomi da alamomi, a faɗi adadin waɗanda aka tambaya, a kuma faɗi inda aka samo alƙaluman idan ba mai rubutun ne ya tattara su ba.

Sai maganar layuka, wadda ita ce ta fi ba mu mamaki. A tsarin APA ba a jan layi a tsaye ko ɗaya tsakanin ginshiƙai, kuma ba a kewaye kowane gurbi da akwati. Galibi layi uku a kwance sun isa: ɗaya a saman jadawalin, ɗaya a ƙarƙashin kanu, ɗaya a can ƙasa. Tazarar da ke tsakanin lambobi ita ce take raba su. Idan layuka suka yi yawa, ido yana shagala da su ya bar lambobin. Launin shuɗi da rawayan da muka biya kuɗi aka sa mana, da aka yi hoton takardar baƙi da fari sai ya koma toka-toka, wasu lambobin ma suka ɓace a ciki.

Misali daga ɗakin gwaje-gwaje

Kada ku ce wannan sai an je jami'a. Duk wanda ke yin Fiziks a cikinku ya san gwajin lilo, inda ake ɗaure ɗan ƙwallon ƙarfe da zare, a riƙa sauya tsawon zaren, a auna lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo sau 20. Ga yadda jadawalinsa zai kasance. Lambobin mu muka lissafa su don misali kawai, naku za su ɗan bambanta.

Jadawali na 1
Tsawon Zare da Lokacin Lilo
――――――――――――――――――――――――
l/cm      t/s      T/s      T²/s²
――――――――――――――――――――――――
40.0      25.4     1.270    1.613
60.0      31.1     1.555    2.418
80.0      35.9     1.795    3.222
100.0     40.1     2.005    4.020
――――――――――――――――――――――――
Ƙarin bayani. l = tsawon zare; t = lokacin lilo 20; T = lokacin lilo ɗaya, wato t a raba da 20.

Ku lura da abubuwa uku. Na ɗaya, kowane kai yana ɗauke da ma'auninsa: cm na santimita, s na daƙiƙa. Na biyu, duk lambobin da ke ginshiƙi ɗaya suna da adadin lambobi iri ɗaya bayan ɗigo. Na uku, bayanin da ke ƙasa ya faɗi ma'anar kowane harafi, ta yadda ko wanda bai shiga ɗakin gwajin ba zai gane abin da aka yi.

Daga jadawali irin wannan ne ake zana giraf, daga giraf kuma a fitar da ƙarfin da ƙasa take jawo abu da shi, wanda ya kai kusan mita 9.8 a kowace daƙiƙa sau daƙiƙa. Idan jadawalin ya rikice, giraf ya rikice, amsar ƙarshe ma ta bi su. Masu duba takardun jarrabawar gwaje-gwaje suna ware wa jadawali makinsa, kuma rashin rubuta ma'auni da rashin daidaita lambobin bayan ɗigo suna cikin abubuwan da ake rage maki a kansu. Ɗalibi yana iya yin awo daidai da hannunsa, ya zo ya zubar da maki a wurin rubutawa. A takardar jarrabawa ba za ku iya rubutu mai kauri ko mai karkata ba, kuma idan malaminku ya ce ku ja layuka a tsaye da rula, ku ja. Abin da ba ya sauyawa shi ne kanu, da ma'auni, da daidaiton lambobi.

Sifirin da ba banza ba

Wani zai ce, ai 40 da 40.0 duk ɗaya ne, me ya sa za a wahalar da kai? A lissafi ɗaya ne, amma a awo ba ɗaya ba ne. Rular mita tana da ƙananan zane-zane na milimita, don haka tana iya nuna kashi ɗaya cikin goma na santimita. Wanda ya rubuta 40.0 yana cewa ya duba har zuwa milimita, ya ga daidai yake. Wanda ya rubuta 40 kawai bai gaya mana ko 39.6 ba ne ko 40.3 ya cike. Haka 1.270 da 4.020 da ke jadawalinmu: sifirin ƙarshe shaida ne na iyakar inda lissafin ya kai, kada ku yar da shi.

Kuskuren ɗaya gefen kuma shi ne kwafe duk abin da kalkuleta ta nuna. Idan agogonku yana auna kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sa'annan kuka rubuta amsa mai lambobi takwas bayan ɗigo, kun yi iƙirarin ƙwarewar da kayan aikinku ba su da ita. Ku tsayar da adadi ɗaya da ya dace, ku bi shi daga saman ginshiƙi har ƙasa.

Ga kuma wani abu ga ƙannenmu da ke karatu a Nijar da sauran ƙasashen da ake koyarwa da Faransanci. A can waƙafi ake sawa a inda mu muke sa ɗigo. Abin da ɗalibin Maraɗi zai rubuta 1,270 yana nufin ɗaya da ɗan ɗoriya, ɗalibin Katsina zai karanta shi dubu ɗaya da ɗari biyu da saba'in. Duk wanda zai ɗauko alƙaluma daga littafin wancan ɓangaren, ya fara tabbatar da wace alama ake bi.

Kumbon da ma'auni ya hallaka

Idan kuna ganin mantawa da ma'auni ƙaramin laifi ne, ku ji wannan. A watan Disambar 1998 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani kumbo mai suna Mars Climate Orbiter don ya je ya riƙa kewaya duniyar Mas yana nazarin yanayinta. Ya yi wata tara yana tafiya. Ranar 23 ga Satumbar 1999, da ya isa zai shiga da'irar kewayawa, sai aka daina jin ɗuriyarsa, har yau.

Da aka bincika sai aka gano cewa rukunin injiniyoyi ɗaya yana miƙa alƙaluman ƙarfin turin injin da ma'aunin fam irin na Amurka, rukunin da ke karɓa kuma yana ɗaukarsu a matsayin ma'aunin niyuton da kuke koya a aji. Fam ɗaya na ƙarfi ya kai niyuton 4.45, wato kowace lamba an karanta ta ƙasa da yadda take fiye da ninki huɗu. Kuskuren ya yi ta taruwa a hanya, har kumbon ya sauko kusan kilomita 57 daga doron Mas, nesa ƙwarai da tsayin da aka tsara masa. Lambobin da aka miƙa ba ƙarya ba ne, kuma mutanen ƙwararru ne. Abin da ya faru shi ne mai bayarwa da mai karɓa kowa da ma'aunin da yake nufi. Irin laifin da muka yi ne da awa da minti, sai dai namu maki ya ci, nasu kuwa ya ci kumbo da aikin shekaru.

Idan gurbi ya zama babu komai

Wani lokaci za ku zo cike jadawali ku tarar babu abin da za ku sa a wani gurbi. Wataƙila awon bai yiwu ba, ko wanda aka tambaya ya ƙi amsawa. Tsarin APA ya bambanta hali biyu. Idan tambayar ba ta shafi wannan gurbin ba sam, a bar shi fayau. Idan kuwa ta shafe shi amma ba a samu alƙaluman ba, a sa ɗan karan layi, a yi bayanin dalili a ƙasa. Abin da ba a yi shi ne sa sifiri, domin sifiri amsa ce. Ɗalibin da ya ce ba ya karatu ko na minti ɗaya daban yake da wanda bai amsa tambayar ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙirƙirar lamba don jadawali ya cika. Mun san ana yi. Lokaci ya ƙure a ɗakin gwaji, an yi awo uku saura biyu, sai a leƙa na maƙwabci ko a yi shaci-faɗi. A jami'a wannan babban laifi ne da yake iya jawo a soke aikin mutum gaba ɗaya, kuma wanda ya saba da shi tun sakandare da wuya ya bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku tuna da jadawalin sinadarai da ke manne a bangon ajin Kemistiri. Lokacin da masanin nan ɗan Rasha, Dimitiri Mendeliyef, ya fitar da nasa a 1869, ya tarar akwai wuraren da babu sinadarin da aka sani da zai dace da su. Bai cusa wani abu don ya rufe su ba. Ya bar guraben a buɗe, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya yi hasashen siffofinsu. A 1875 aka gano galiyom, a 1886 aka gano jamaniyom, kowanne ya faɗa gurbin da aka bar masa. Ya yi hasashen nauyin ƙwayar zarrar jamaniyom zai kai kusan 72, aka auna aka samu 72.6. Guraben da ya bari a buɗe su ne suka tabbatar wa duniya cewa tsarinsa gaskiya ne.

Faɗi adadi, faɗi tushe

Akwai abubuwa biyu da ya kamata su fito a jadawali ko a ƙarin bayaninsa, waɗanda rashinsu yake iya yaudarar mai karatu ko da marubucin bai yi niyya ba.

Na farko shi ne adadin waɗanda aka ƙidaya. Idan jadawali ya ce kashi 75 cikin ɗari na ɗalibai sun fi son karatun dare, abin zai yi kama da babban bincike. To idan mutum huɗu kacal aka tambaya, uku suka ce haka fa? Lissafin daidai ne, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne da na wanda ya tambayi mutum 400. Shi ya sa ake rubuta adadin, galibi da harafin N, kuma ake so a nuna ainihin yawan mutane kusa da kason cikin ɗari. Ku kuma tara kason ku gani ko ya ba da 100. Idan ya ba da 99.9 ko 100.1 saboda cike lambobi, ku faɗa a ƙasa. Idan ya wuce haka sosai, ko dai an yi kuskure, ko an bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, kuma wannan ma sai an faɗa.

Na biyu shi ne tushe. Ɗauki ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006. Sakamakon wucin gadi da aka fara fitarwa ya ce mutanen ƙasar 140,003,542 ne, Jihar Kano kuma tana da 9,383,682. Sakamakon ƙarshe da aka buga a 2009 ya ce 140,431,790, Kano kuma 9,401,288. Ɗalibai biyu suna iya kawo lambobi daban a kan ƙidaya ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Layi ɗaya a ƙarƙashin jadawali da zai ce an ɗauko daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sakamakon shekara kaza, shi ne zai raba gardama. Ban da haka ma, kwafo jadawalin wani ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, daidai da kwafo rubutunsa.

Jadawali da rubutun da ke kewaye da shi

Jadawali ba ya faɗowa cikin aiki haka kawai. Dole a ambace shi a cikin rubutu kafin ya bayyana, a kuma gaya wa mai karatu abin da zai duba. Misali: “Jadawali na 1 ya nuna cewa duk lokacin da zare ya ƙara tsawo, lokacin lilo yana ƙaruwa.” Wannan ya isa. Kada ku sake jero duk lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya a cikin jimloli, domin idan za a yi haka to jadawalin ba shi da amfani. Ku ɗauko abu ɗaya ko biyu mafi muhimmanci, sauran ku bar wa ido.

Ba kuma kowane abu ne yake buƙatar jadawali ba. Idan lambobi biyu ko uku ne kawai, jimla ɗaya ta ɗauke su. Idan abin da kuke so a gani shi ne yadda wani abu yake hawa ko sauka, giraf ya fi. Jadawali na wurin da lambobi suke da yawa ne, kuma ake so mai karatu ya ga ainihin kowace ɗaya ya kwatanta. Abubuwan da kuke so a kwatanta, ku sa su kusa da juna.

Ga masu bugawa a kwamfuta, ku yi amfani da wurin saka jadawali da ke cikin Microsoft Word ko makamancinsa. Kada ku yi ta danna maɓallin tazara don jera lambobi, domin da an buɗe aikin a wata na'urar komai zai wargaje. Idan jadawali ya yi tsawo har ya tsallaka shafi na gaba, ku sa kanun su sake fitowa a saman sabon shafin. Idan kuma a shago za a buga muku, ku zauna kusa da mai bugawa ku duba kowace lamba da takardarku ta asali. Shi adon yake gani, ku ne kuka san abin da lambobin suke nufi.

Idan kun isa jami'a, abu na farko shi ne ku tambayi sashenku wane tsari suke bi, kuma wane bugu. Ko a cikin APA akwai bambanci: a bugu na shida ba a kaurara lambar jadawali, a na bakwai ana yi. Wasu sassan kuma suna da 'yan gyare-gyarensu. Abin da malamin da ke duba aikinku ya ce shi za ku bi, kuma ku bi shi daga jadawalin farko har na ƙarshe.

Aikin wannan mako

Ba sai kun jira ɗakin gwaji ba. Ku je kasuwa ko shagon unguwa sau uku a cikin mako, ku tambayi farashin mudun shinkafa, da na masara, da na wake. Ku tsara jadawali mai lamba, da take, da kanu, da ma'auni, da ƙarin bayanin da ya faɗi kasuwar da ranakun. Ku tuna mudu ma ba ɗaya ba ne a kowane gari, don haka ku faɗi wanda aka auna da shi. Ranar da ba ku samu farashin wani abu ba, kun san abin da za ku sa a gurbinsa.

Idan kun gama, ku yi masa gwajin da malamarmu ta yi mana. Ku miƙa wa wani a gida, yaya ko ƙanwa ko Baba, ku rufe bakinku, ku ce ya gaya muku abin da ya gani. Duk tambayar da ya yi muku, alama ce ta wani abu da ya kamata ya kasance a kan takardar amma babu. Ku gyara, ku sake ba wani. Ranar da aka karanta aka fahimta ba a tambaye ku komai ba, jadawalinku ya yi.

A mako mai zuwa, da yardar Allah, za mu ɗora daga nan mu duba yadda ake zana giraf daga jadawali, da yadda ake zaɓen sikeli. Kafin nan, a ci gaba da dagewa da karatu. Mu kwana nan.